Shekarar da Hannun Baba Ya Fara Rawa

Labari biyu kuka tashi kuna ji game da barina aikin asibiti, kuma na san kowannenku ya zaɓi wanda ya fi kwanta masa. Dangin uwarku na Sabon Gari sun ce korata aka yi, don a ganinsu babu mai hankalin da zai tuɓe farar riga da hannunsa ya rataya zabirar aski. Mutanen Tsibiri kuwa sun mayar da ni waliyyi, wai na zubar da rayuwata saboda mahaifina, har ana ba yara misali da ni idan sun ƙi aike. Na farkon ya daɗe yana yi mini zafi, na biyun kuma kunya yake ba ni, don duka biyun ba haka aka yi ba. Yanzu da idona ya fara gajiya, uwarku kuma da za ta gyara mini inda na ƙara gishiri ta riga mu gidan gaskiya, gara in rubuta muku yadda abin ya faru. Shekarar da aka haifi Habu ce. Kai Habu, kafin ka ci gaba da karatu, kai hannu bayan kunnenka na hagu ka taɓa ɗan tabon nan da aka ce maka faɗuwa ka yi kana rarrafe. Ba faɗuwa ba ce.

Kakanku, Baba, wanzami ne ɗan wanzami, kuma a zamaninsa wanzanci ba shago ba ne da kowa zai shiga ya zauna a kujera. Kowane gida da wanzaminsa. Yadda Baba ya gaji zabira daga ubansa, haka ya gaji gidajen da uban yake yi wa aski. Gidajenmu sun warwatsu, wasu a nan Tsibiri, wasu a Jiratawa cikin masu noman rani, wasu kuma sun koma Maraɗi sun zama alhazai masu manyan motoci, amma ran suna ba su yarda wata aska ta taɓa kan jaririnsu in ba tamu ba. Ba a ciniki. Da kaka kowane gida ya aiko da damin gero, ran suna a ba shi rabonsa na nama da abin da ya sawwaƙa. Ni ne ɗan fari, ni ya kamata in gaje shi, har na fara koyo a kan ƙwarya da kawunan ƙannena, sai aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, aka haɗa da ni. Daga nan hanya ta miƙe har na zama ma'aikacin jinya a Maraɗi. Baba bai taɓa cewa ya ji haushi ba. Abin da ya yi kawai, da yake da ma ba ya kama sunana, ya laƙaba mini Lokotoro, wato likita, kuma yadda yake jan sunan a bakinsa ba ka gane yabo ne ko ba'a.

Ba zan yi wa aikin asibiti butulci ba. Da shi na yi aure, da shi muka kama gida mai famfo a unguwar Sabon Gari ta Maraɗi, shi ya sa in na shiga kasuwa mahauta suke ƙara mini tsoka ban tambaya ba. Kuma na iya shi, jijiyar da ta ɓuyar wa kowa ni ake kira in nemo. Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin: na gaji, irin gajiyar da barci ba ya warkarwa. Kafin ka iso da safe layi ya kai bakin ƙofa, kana yi wa wannan allura idonka na kan na bayansa, ka wanke ciwo ba ka tambayi mai shi daga wane gari yake ba. Wata rana wata mata ta tare ni a hanya tana godiya har da hawaye, wai na ceto ɗanta. Na amsa mata da fara'a, na wuce ban san ko wace ce ba. Na yini raina a ɓace, ban kuma san wa zan ɗora wa laifi ba.

Ran sunan Habu Baba ya iso da sassafe a kan tsohon kekensa, zabira a kafaɗa. Bayan an yi fatiha an raba goro, muka shiga ɗaki don aski. Uwarku Zuwaira tana zaune a bakin gado, gwaggonta ta riƙe jariri, ni kuma ina tsaye da ƙwaryar ruwa kamar yadda nake yi masa ina yaro. Ya jiƙa kan, ya wasa aska a guntun fatarsa, ya yi bisimilla. Gaban kai ya tafi lafiya. Da ya zagayo bayan kunne sai na ga yatsunsa suna rawa, ƙaramar rawa wadda in ba idonka ya saba da marasa lafiya ba ba za ka kula ba. Kafin in buɗe baki jini ya fito, yaro ya tsandara ihu. Na ajiye ƙwarya na danne wurin da auduga. Yankan ba shi da zurfi, amma a kan ɗan kwana bakwai kowane jini mai yawa ne.

"Yaron ya motsa," in ji Baba.

Yaron bai motsa ba, mu duka mun gani. Uwarku ta karɓe ɗanta ta juya mana baya, sai daga baya ni na ƙarasa askin. Gwaggo, Allah ya ji ƙanta, ta ce abin da ya faru a ɗaki ya tsaya a ɗaki, kuma har ta mutu ba ta faɗa wa kowa ba. Baba bai tsaya cin naman suna ba.

Da Lahadi ta zo na hau moto, wato babur ɗina, zuwa Tsibiri. Na tarar ya fita, kakarku Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ban gama gaisuwa ba ta tari numfashina.

"Na san abin da yak kawo ka. Tun kaka hannun nan shike haka. Rabin ƙwarya nike zuba mishi hura yanzu, in na cika sai ta ƙare a rigatai."

"To Inna, mi ya hana ki hwaɗa mini?"

"In hwaɗa maka ka yi mi? Ka ba shi ƙwaya? Shi ba ciwon ke damunai ba. Ran da yac ce hannunai ya mutu, gidajen nan watsewa za su yi, kowa shi nemi wani wanzami. Ƙanenka na Kwatano wajen hwatauci, kai kana likita. Wa za ya miƙa ma zabira? Sai shi zamna ƙohwar gida shina kallon masu wucewa, ba mai kiranai."

Ku da kuka saba da albashi da fansho sai na yi muku bayani. Wanzami ba ya ajiye aiki yadda ma'aikacin gwamnati yake yi. Ko dai ya miƙa zabira ga ɗansa a gaban jama'a, ya koma babba mai sa albarka, ko kuma ta faɗi daga hannunsa a ce aska ta mutu a gidan wane. Hanya ta farko ni na toshe masa ita da karatuna. Da ya dawo sai na yi masa magana irin ta asibiti, don ita kaɗai na iya a lokacin. Na ce akwai magani mai rage rawar amma ba ya kawar da ita, kuma bai kamata ya sake ɗora aska a kan jariri ba. Ya saurare ni har na gama yana kallon bango.

"Lokotoro, kan da kake wanga tunani da shi, a gidan nan anka hwara aske shi. Jibi akwai suna Jiratawa gidan Nomau, kuma za ni."

Na fito zaure na tsaya. Habu ɗana ne, jininsa ya tsaya a ɗakinmu. Jibi ɗan wani ne, a gaban mutanen da ba su da dalilin rufa mana asiri, kuma wa ya san inda askar za ta faɗa a karo na biyu? Dabarar da ta fitar da mu ba tawa ba ce, kada wani ya ba ni ladanta. Inna ce ta biyo ni zaure da rariya a hannu.

"Kai sai ka ce ba ɗan gidan nan ba. Ba a ce ma wanzami bari. Koma ka ce mishi koyo kake so."

Na koma na durƙusa.

"Baba, na manta aski. Kunya nike ji a ce ɗanka bai iya riƙon aska ba. In za ka Jiratawa ka tahi da ni ka gwada mini."

Ya dube ni, ya dubi Inna da ta koma kan tankaɗenta kamar ba ta taɓa tashi ba. Ya gane sarai, mu ma mun san ya gane.

"Hannun da ya saba da allura? To, mu gani. Ka zo da wuri, ban jiran kowa."

Gidan Nomau yana bayan Jiratawa kusa da magudanar ruwa, inda zogale da albasa suke kore shar ko rani ya kai rani. Mutanen gidan a lokacin rabi suna salla rabi suna riƙe da addinin kakanni, akwai wata tsamiya a bayan gida da ake yi wa yanka. Baba bai taɓa damuwa da wannan ba, shi dai kan da aka kawo masa yake gani. Muna zama na roƙi a ba ni tukunya in tafasa askar. Matan gida suka yi cirko-cirko.

"Ku yi haƙuri da shi," in ji Baba. "Can likita an koya mishi dahwa ƙarhe. In ta nuna sai ku kawo yaji."

Aka fashe da dariya, kuma cikin dariyar nan ya sako maganar da ta kawo mu.

"Yau yarona za ya yi aski, ni in riƙe ɗiyar. In ya ɓata in gyara."

Ya karɓi jaririyar ya kwantar da ita a kan hannuwansa, ya manna ta da ƙirji. Rawar nan da take masifa in akwai aska a hannu sai ta zama jijjiga, yarinya ta yi luf ta yi barci. Ni kuma na sa aska. Na ɗauka hannuna zai yi gardama, ashe bai manta ba, ya bi kan nan mai laushi a hankali har na gama babu ko ƙwarzane. Ba wanda yake tsaye a bayana yana jiran layi. Uwar Nomau, tsohuwa tukuf, ta matso tana ƙare mini kallo.

"Kai ne ɗan nan da kab biyo ubanka kac ci muna ɗanyen tumatir har cikinka ya ɓaci?"

Ni ne. Na manta, ita ba ta manta ba. Aka kawo fura, aka shiga hirar rabon ruwa da wanda ya aurar da wanda ya rasu, ana jefo ni cikin zancen kamar jiya na bar gidan. Na duba agogo na ga lokacin aiki ya gabato, na ji ba na son tashi. Na daɗe rabona da gama aiki in ji ba na son barin wurin, abin har ya ba ni tsoro.

Haka muka ci gaba har damina ta sauka. Sunan jariri da sassafe ake yi, sai in ɗauko Baba a moto, mu yi aski, in mayar da shi, in ruga asibiti in sa farar riga. Askin manya ma na karɓe masa ranakun hutu. A gari ana cewa tsoho yana horar da ɗansa, har ana yaba masa haƙuri. Muna cikin haka babban likitanmu, mutumin kirki, ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya ce an ƙara mini girma. Zan zama majo, wato shugaban wani ƙaramin asibiti can gabas bayan Damagaram, kuma da an yi girbi zan tashi. Abin da na yi shekaru ina jira ke nan. Uwarku ta fara murna, sai ta dubi fuskata murnar ta tsaya mata a wuya.

"Malam, kada ka hwaɗa mini abin da nike gani a huskarka."

Na ce ban yanke komai ba tukuna.

"Ni ban ƙi Baba ba, Allah shi ne shaida, ko da ya yanka mini ɗa ban buɗe baki ba. Amma ɗiyanka fa? Yarinyar nan Lami kullum zancenta ke nan, ungozomar likita za ta zama. Da damin gero za ka kai ta? An kai ka lakwal ka hita daga jakar nan, yanzu ka koma ciki da ƙahwarka?"

Na fara yi mata bayanin halin da Baba yake ciki. Ta ɗaga hannu.

"Kada ka ɓuya bayan tsoho. Ina ganin yadda kake dawowa daga sunayen nan bakinka bai rufuwa, wance ta ce, wane ya yi. Tunda munka yi aure ban taɓa jin ka dawo daga likita da labari ba. Kai ke so."

Wannan ita ce maganar da babu ita a duka labaran biyu da kuka ji, kuma ita ce gaskiya. Uwarku ta gan ni tun kafin in ga kaina. Na yi fushi da ita ranar, irin fushin da mutum yake yi in an faɗa masa abin da ba shi da amsarsa. Da na kai wa Baba labarin ƙarin girman, ko gezau bai yi ba.

"Tahi abinka. Ban roƙe ka ba, ba ni kuma roƙonka. Kahin a haihe ka nike aski."

To, sai na ce zan tafi. Na gaya wa uwarku, na gaya wa likita, har mun fara tambayar yadda ruwan garin yake. Abin da zai faru da Baba bayan tafiyata na tura shi gefe kamar yadda ake tura kwanon da ba a son wankewa.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da aka yi wa Alhaji Garba jikan fari. Alhaji Garba attajiri ne a can Sabon Gari, motocinsa suna zuwa har bakin teku, amma asalinsa ɗan Tsibiri ne kuma gidansu namu ne tun kakanni. Na yi wa Baba alkawari zan same shi can da na sauka daga aikin kwana. Ina cire riga aka shigo da mutanen da mota ta kife da su. Ba a barin irin wannan, kuma lokacin babu wayar hannu da zan aika saƙo. Kafin in samu kaina rana ta ɗaga sosai. Na tuƙa moton nan kamar mahaukaci, na kutsa ta cikin maroƙa da masu cin shinkafa har zauren ciki.

Abin da na gani har yau in na rufe ido ina ganinsa. Alhaji da ƙannensa suna zaune a kan darduma, yayarsa ta riƙe jariri. Baba yana gabansu da aska a buɗe, yana wasa ta a fatar da ke kan gwiwarsa, gaba da baya, gaba da baya, don muddin hannun yana tafiya ba a ganin rawarsa. Yana ba su labarin yadda kakan Alhaji ya kai fatu Kano a kan jaki, jakin ya ƙi tsallake rafi. Daga baya aka gaya mini labari ne bayan labari tun da hantsi, ya jiƙa kan yaron ya bushe, ya sake jiƙawa ya sake bushewa. Ana dariya, amma Alhaji ya fara duban agogo. Bayan rigar Baba ya jiƙe sharkaf. Mutumin da ya ce ba ya jiran kowa, ni yake jira, kuma labaransa sun kusa ƙarewa. Da sun ƙare, ko ya ɗora askar nan a kan jikan Alhaji, ko ya buɗe baki ya tona wa kansa asiri.

"Ga shi nan, sarkin makara," ya ce da ya gan ni. "Da tuni na yi da kaina, amma in ban bar shi shina yi ba yaushe za ya iya?"

Ya miƙo mini askar. Ƙotarta jiƙe take da gumi. Yatsunsa suka kama wuyan hannuna suka matse, sannan suka saki. Na durƙusa na yi askin, kuma zan gaya muku gaskiya, duk da tsoron da na shigo da shi, ina ɗora aska a kan yaron nan raina ya kwanta. Da muka gama na ɗauke shi a moto zuwa Tsibiri. Ya riƙe rigata ta baya, ina jin rawar hannunsa a gadon bayana tun daga Maraɗi har ƙofar gida.

Washegari na shiga biro na nemi hutun da ba albashi. Likita ya ce in na daɗe ba za a riƙe mini gurbi ba, na ce na sani. Ya tambaye ni ko wani ya ɓata mini, na ce babu. Ban sake komawa ba. Korar da dangin uwarku suke faɗa ke nan.

Ba zan ɓoye muku abin da ya biyo baya ba. Mun saki gidan Sabon Gari muka dawo Tsibiri, daga famfo zuwa guga. Uwarku ta yi rani guda ba ta yi mini magana sai ta abinci. Mahauta suka daina ƙarin tsoka, waɗanda suke miƙewa in na shigo suka koma ƙwala mini kira daga tsallaken hanya. Na kuma gaya wa Baba tun farko ba zan cire beli ba, ba zan yi wa jariri tsaga ba, don na ga waɗanda ake kawo mana asibiti jini ya ƙi tsayawa. Ya ce rabin aiki nake so, na ce e, rabin nake so. Wasu gidaje suka bar mu saboda haka, damin geronsu ya bi su. Amma ke Lami, ke kika biya mafi tsada. Shekarar da kika samu gurbi a makarantar jinya a Damagaram damina ba ta yi kyau ba, na zagaya inda zan zagaya na dawo hannu wofi. Ba ki yi kuka a gabana ba, keken ɗinki kawai kika roƙa. Yau kina da shagonki da masu koyo a ƙarƙashinki, kullum kina ce mini kin gode Allah. Ban taɓa tambayarki ko don ni kike faɗa ba, saboda ina tsoron amsar. Ba na cewa na yi nadama, ƙarya zan yi miki, amma ina so ki san na san wanda ya biya.

Abin da na samu ba ya auno a mudu. Na san gidajena, na san jaririn da na aske har ya kawo mini nasa. In na shiga gida na ga mai jego idonta ya yi fari ko yaro yana numfashi sama-sama, ba na tashi sai an kama hanyar asibiti, kuma suna jin maganata fiye da lokacin da nake sa farar riga, don yanzu nasu ne ni. Uwarku ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba, sai dai wata safiya na fito na tarar ta riga ta ɗora tukunyar tafasa aska, kuma daga ranar ba ta fasa ba. Yau zabirar tana rataye a ɗakina. Ba na roƙon ɗayanku ya ɗauka, kowa ya nemi aikin da zai dawo daga gare shi da labari.

Baba dai bai gode mini ba, ba halinsa ba ne. Zabirar ma da farko bai ba ni ba. Tana ɗakinsa, kullum da safe sai in yi sallama in aro ta kamar ɗan koyo, da yamma in mayar. Kansa kuma bai yarda in taɓa ba. Wanzami sai tsaransa yake ba kansa, shi kuwa tun suna samari wani abokin sana'arsa na wata unguwa, Ɗan Baƙo, yake zuwa duk Juma'a ya aske shi. Na aske alhazai, na aske jarirai, amma a wurin Baba ban kai ba. Abin yana cina a rai, ban dai nuna ba.

Wata Juma'a bayan an kai amfanin gona gida, dattawan unguwa suna zaune a ƙofar gidanmu suna jiran lokacin masallaci, Ɗan Baƙo ya iso da kayansa. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Zamna ka huta, yau an riga ka."

Ya shiga ciki ya fito da zabira, ya ajiye ta a tabarma a gabana. Ya zauna, ya cire hularsa da hannuwa biyu don kada ta faɗi, ya sunkuyar da kai.

"Wanzam, zo ka yi aikinka."

Tunda aka haife ni bai taɓa kirana da wannan suna ba. Na jiƙa kan nan da furfura ta cinye, na fara daga goshi kamar yadda ya koya mini a kan ƙwarya. Da na zagayo bayan kunnensa na hagu sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, ni kaɗai na ji.

"Bi a hankali. Nan ne na ɓata ma yaron nan."

Na bi wurin a hankali. Na gama. Ya shafa kansa tun daga goshi har ƙeya yana neman inda na bari, ya sake shafawa, bai samu ba. Ya mayar da hula, ya dafa sandarsa ya nufi masallaci. Na bi shi da zabira a hannu na ce ya manta ta. Bai ko waiwayo ba.

"Wanzami ba ya barin kayanai a tabarma," ya ce. "Kai abinka ɗakinka."